Ƙwai Bakwai da Hannun Ungozoma

Duk unguwarmu Sista ake ce wa mahaifiyata, har tsofaffin da suka girme ta. Shekara talatin da huɗu ta yi tana karɓar haihuwa a asibiti, kuma da lokacin ritaya ya zo aikin ne ya sake ta, ita ba ta sake shi ba. Kuna cikin tafiya a titi sai ta zungure ka, ta nuna wani ƙato mai gemu yana loda buhuna a mota, ta ce, "Ka ga wancan? Ta ƙafa ya zo. Ya ba ni wahala, ja'iri." Ni kuwa har yau Auta take ce min, duk da ina koyar da kimiyya a sakandare, ga 'ya'ya uku.

Hannun Umma ba ya zama wuri ɗaya. In kana ɗaure igiyar takalmi a gabanta, sai ka ga ta sunkuya ta ƙarasa maka. In kana kokawa da murfin gwangwani, ta fizge ta buɗe. In kana laluben wata kalma a bakinka, kafin ka tuno ta faɗa maka ita, har da wadda za ta biyo baya. Ba raini ba ne. Ita dai Allah bai yi ta da iya tsayawa kallon mai rai yana fama ba. Mun sha kai ruwa rana da ita a kan wannan hali, don ni ma a wajen baki ba a bar ni a baya ba.

Baba kuwa daban aka yi shi. Gyaran agogo ne sana'arsa, a wani ɗan shago da bai fi faɗin tabarma biyu ba, shi ya sa Umma ke kiransa Mai Agogo. Zai maƙala gilashinsa a ido, ya ɗauki hantsaki, ya yi rabin awa a kan ƙusar da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. In ya gama gyara agogo ba ya ba mai shi nan take, sai ya rataye shi kwana biyu yana lura da tafiyarsa. Umma takan ce da shi aka bar wa ɗakin haihuwa, da yanzu rabin unguwar nan suna cikin iyayensu suna jiran layi.

Bayan agogo, abu ɗaya ne ya shiga ransa, wato kajinsa. Jajaye ne masu tukku a ka, irin da ban taɓa gani a kasuwa ba. Daga gidan mahaifiyarsa ya ɗauko kaza da zakara a cikin kwando a satin da ta rasu, tun ba a haife ni ba, kuma shekara arba'in jinin nan yana tafiya a bayan gidanmu bai yanke ba. Kullum da safe kafin ya tafi shago sai ya zauna a kan kututture kusa da akurki, ya watsa musu tsaba, yana yi musu magana ƙasa-ƙasa. Mu 'ya'yansa ko rabin hirar nan ba ma samu. Na taɓa yi masa ƙorafi, ya ce ai su kaji ba sa katse mutum.

Shekara biyu da suka wuce hawan jini ya kayar da shi a shago. Ya farfaɗo, amma ɓarin damansa bai farfaɗo tare da shi ba, maganarsa kuma ta kakkarye. Umma ta naɗe hannun riga ta koma bakin aiki. Ita ke yi masa wanka, ta ba shi abinci a baki, ta ɓalla masa maɓallin riga, ta juya shi kada ya yi gyambo. Ko ƙuda bai isa ya sauka a jikinsa ba. Likitar gashi da ke zuwa sau biyu a sati tana motsa masa gaɓoɓi ta yi magana har ta gaji.

"Sista, ki riƙa barinsa yana gwadawa da kansa. Hannun hagun nan lafiyarsa ƙalau. Bakin ma zai dawo in ana barinsa ya yi ƙoƙari."

Umma ta ce to. Likita na fita, Baba zai buɗe baki ya ce, "Ru... ru...", kafin ya kai ƙarshe kofin ruwa na bakinsa. A hankali ya daina gwadawa. Ya zama sai dai ido.

Abin da ya rage masa taga ce. Mun juya kujerarsa ta fuskanci bayan gida, yakan wuni yana kallon kajin. Sai annobar kaji ta shigo unguwa. Cikin kwana goma muka binne ashirin, aka bar mu da tsohon zakara ɗaya da kaji biyu. Suna yin ƙwai, amma babu wadda ta yarda ta yi kwanci, sai su ajiye su tafi yawonsu. Baba ya fara kau da kai daga abinci. Ya bar kallon taga ya koma kallon bango. Ban taɓa jin tsoro irin na kwanakin nan ba, don zuciyata ta ba ni cewa in kajin nan suka ƙare, shi ma ba zai daɗe a bayansu ba.

Ni na je shagon mai sayar da abincin kaji, wanda kowa ke kira Dakta duk da ko allura bai taɓa yi wa mutum ba, na sayo ƙaramin injin ƙyanƙyasa. Akwatin roba ne mai murfi garai-garai, yana cin ƙwai goma sha biyu. Yana da 'yar fanka, da ma'aunin zafi, da wani ɗan kwari a ƙasa inda ake zuba ruwa saboda danshi. Ba ya juya ƙwai da kansa, sai an sa hannu. Umma ta zagaya shi sau biyu, hannu a ƙugu.

"Au, ashe kwalba ce," ta ce. "Irin ta bakwaini. Auta, ni za ki koya wa kwalba?"

Muka ɗora shi a kan tebur a ɗakin Baba, inda rana ba ta bugawa. Faɗanmu na farko a kan wanka ne. Na juya baya kaɗan, na waiwayo na gan ta da kwanon ruwan ɗumi da maganin kashe ƙwayoyin cuta, za ta wanke ƙwayayen. Da ƙyar na ƙwace su. Na ce mata ƙwai da rigarsa yake zuwa, wata siririya da ido ba ya gani, in an wanke ta cuta ce za ta shiga ta ƙofofin ɓawon. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce a rayuwarta ba ta taɓa sa abin da ba a wanke ba a kwalba, amma tunda malamar kimiyya ta faɗa, shi ke nan.

Sauran dokokin ba su ba ta wahala ba. Zafi ya tsaya a talatin da bakwai da rabi. Kowane ƙwai a yi masa alama da fensir, da'ira a gefe ɗaya, layi a ɗaya gefen, don a san wanda aka juya. A juya su sau uku a rana. Ran kwana goma sha takwas a daina juyawa, a ƙara ruwa, a rufe murfi, kada a sake buɗewa sai sun gama fitowa sun bushe. Wannan ta ƙarshen sau biyu na maimaita mata, ta ce ta ji, ba kurma ba ce.

Kwana ashirin babu wanda zai nuna wa Umma kuskure. Ta ja layi a kwali irin wanda ake ratayewa a gadon maras lafiya, tana rubuta zafi safe da rana da yamma. Ran na ashirin da ɗaya ina makaranta ta kira ni lokacin tara.

"Auta, naƙuda ta fara. Biyar sun huda ɓawo."

"Umma, don Allah kada ki taɓa."

"Wa ya ce zan taɓa?"

Ƙarfe uku na shigo. Tun daga bakin ƙofa na hango murfin injin a kife a kan gado. Ta shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, ta tafasa hantsakin Baba na gyaran agogo, ga auduga. 'Yan tsaki takwas na kwance jere a kan audugar, jiƙe sharkaf, cibiyoyinsu na zubar da jini, wasu gwaiduwar ma tana waje ba ta gama shiga cikinsu ba. Sauran da ba ta kai kansu ba, tantanin cikin ɓawon ya bushe ya manne musu. Tana ta hura wa ɗaya iska a baki da bututun biro, gumi na zuba daga haɓarta.

Na ce abin da har yau nake jin kunyarsa. Na ce, "Nan ba asibiti ba ne! Babu wanda ya kashe su sai ke."

Ba ta rama ba, kuma wannan ya fi min ciwo a kan ta zage ni. Ta ajiye bututun ta ce, "Sun leƙo sun tsaya, Auta. Awa huɗu ba motsi. A aikina, wanda ya leƙo ya tsaya minti ake ƙirga masa." Sai a lokacin na tuna Baba na ɗakin. Yana kujerarsa, ya ga komai tun daga farko, bakinsa a buɗe kaɗan. Ko ɗaya daga cikin 'yan tsakin bai kai jibi ba.

Kwana uku ba mu yi wata doguwar magana da ita ba. A na huɗu ta ɗauki mayafi ta ce in raka ta wajen Dakta. Ta zauna a kan buhun dusa, mace mai shekara sittin da bakwai, ta ce, "Ɗan nan, faɗa min abin da na yi." Dakta ya sosa ƙeya, don shi ma ita ta karɓi haihuwarsa. Ya ce ɗan tsako in ya huda ɓawo ba fita yake shirin yi nan take ba, numfashi yake koyo. Yakan yi rabin wuni, wani har wuni da kwana, yana hutawa a ciki. A lokacin ne yake shanye ragowar gwaiduwa, jijiyoyin jinin da ke jikin tantani su ƙafe su sake shi. In aka ɓare shi kafin nan, jini ne zai ƙare masa. Murfin kuma, duk buɗewa ɗaya danshin ke gudu, tantani ya bushe ya ɗaure na ciki.

"To ni mene ne aikina a ranar?" in ji Umma.

"Babu, Sista. Kallo."

"Kallo," ta maimaita, kamar an ba ta magani mai ɗaci.

Muka ce za mu sake tara wasu. Washegari da safe muka tarar da tsohon zakaran a sandare a gindin famfo, tsufa ya yi halinsa. Na koma wajen Dakta da gudu. Ya ce ƙwan da kajin za su yi cikin sati guda bayan mutuwarsa akwai sauran rabo a ciki, daga nan kuma sai na suya. Muka riƙa bin kajin nan biyu kamar masu gadi. Duk wanda aka yi, Umma ta ɗauko shi a tafin hannu, ba wanki, ta ajiye a ɗaki mai sanyi, tsininsa a ƙasa. Da sati ya cika muka ƙirga, bakwai. Su ne ƙarshen abin da Baba ya ɗauko a kwando shekara arba'in da suka wuce, in sun lalace babu wani zagaye.

Na so in kai injin gidana. Umma ba ta hana ba, ta ce in ɗauka in na ga haka ya fi. Na sa hannu zan cire waya daga bango sai na ji ƙwan-ƙwan-ƙwan. Baba ne, ya ɗauki cokalin shayi da hannun hagu yana buga hannun kujera, idonsa a kaina. Na mayar da wayar na zauna.

Daga ranar cokalin nan ya samu aiki. Akwai agogon bango a ɗakin, wanda shi ya haɗa shi da hannunsa. Ƙarfe bakwai na safe daidai, ƙarfe ɗaya, ƙarfe bakwai na yamma, za ka ji ƙwan-ƙwan-ƙwan, lokacin juya ƙwai ya yi. In Umma ta makara da minti biyu a kicin, bugun ya ƙara ƙarfi. Za ta taho tana goge hannu tana mita. "Na ji, Mai Agogo, na ji. Shekara talatin da huɗu ko babban likita bai taɓa kira na da cokali ba." Ta juya su ɗaya bayan ɗaya, da'ira ta koma ƙasa layi ya hau sama, shi kuma yana bin yatsunta da ido yana ƙirgawa. Ya koma cin abinci, ko da rabin kwano ne.

Ran kwana takwas muka haska su. Da tsakar rana ne, muka rataya barguna a taga ɗakin ya yi duhu, na kafa bakin tocila a gindin ƙwai na farko. Ɓawon ya yi ja, ga jijiyoyi sun bazu kamar saƙar gizo-gizo, a tsakiya wani ɗan baƙin ɗigo yana lilo.

"Salamu alaikum," in ji Umma, murya ƙasa. "Sannu da zuwa."

Na matsar da shi gaban Baba. Ya daɗe yana kallo. A hasken tocilar na ga hawaye ya gangaro ta lafiyayyen ɓarin fuskarsa, Umma ta ɗaga gefen mayafi za ta share masa, ya riga ta da bayan hannunsa. Biyu daga cikin bakwai ɗin fayau suke, babu kowa a ciki. Saura biyar.

Ran kwana goma sha biyu wata babbar mota ta ture falwaya a bakin titi da ƙarfe takwas na safe, wuta ta ɗauke. Ina makaranta, ban ma sani ba. A nan kam aikin Umma ya yi rana. Ta ɗauko robobin ruwan zafinta guda biyu na tun zamanin asibiti, ta naɗe su a tawul, ta jingina a jikin injin, ta lulluɓe duka da bargo. Ta zura tsohon ma'aunin zafinta ta 'yar ƙofar iska. Duk awa ɗaya cokali ya buga, ita kuma ta sauya ruwa. Haka suka wuni su biyu har ƙarfe biyar da wuta ta dawo. Na iso na same ta zaune a ƙasa, ta miƙe ƙafa, yatsunta sun yi ja saboda ruwan zafi.

"Bakwaini nawa na raya da robobin nan," ta ce, "kafin ki san hanyar makaranta."

Na durƙusa na riƙe hannunta, na ce ta yafe min maganar da na yi ranar. Ta ce wace magana, ita ba ta ji komai ba, kurma ce. Da muka sake haskawa ran na goma sha takwas, ɗaya ya tsaya a hanya. Huɗu suka cika ɓawonsu baƙi ƙirin, sai ɗan sararin iska a gindi. Umma ta cika kwarin ruwa, ta kwantar da su, ta rufe murfi. Ta ɗauko filasta irin ta ɗaure ciwo ta manna a bakin murfin, gefe huɗu. Na tambaye ta ko Dakta ne ya ce a yi haka. Ta ce a'a, wannan ba don ƙwan ba ne.

Rana ta ashirin da ɗaya ta faɗo Asabar, don haka tun safe ina gidan. Ƙarfe tara na farko ya huda. Wani ɗan tsagi ne kawai, ɓawo ya ɗago kaɗan, bakin tsako ya leƙo yana buɗewa yana rufewa. Kafin azahar uku sun huda. Muna jin kukansu siriri daga cikin akwatin. Umma ta jawo kujera ta zauna gab da tebur, ta haɗa hannuwanta a cinya ta matse.

Na biyun da ya huda shi ya fara fitowa. Ya bi ɓawon yana sara yana juyawa har ya zagaye shi, ya yi wata irin miƙa, ɓawo ya rabe biyu, ya faɗo a jiƙe yana haki. Umma ta ce, "Alhamdu lillahi," ta duba agogo ta rubuta lokaci a kwali. Bayan la'asar wani ya biyo shi. Amma na farkon, wanda ya huda tun tara, yana nan yadda yake. Awa bakwai. Bakin ya daina buɗewa da sauri, kukan ya koma can ƙasa, wani lokaci ya yi shiru har sai ka ce ya tafi.

Ina kallon Umma. Ta tashi ta zauna. Ta je kicin ta dawo ba ta ɗauko komai ba. Leɓenta na motsi, na san minti take ƙirgawa. Can ta ce, "Wannan ya gaji, Auta. Na san gajiya in na gan ta." Na ce mu ƙara ba shi lokaci. Ta ce, "Ɗan tsagin kawai zan faɗaɗa masa. Ba zan ɓare ba." Gaskiya ni ma zuciyata ta fara karkata, don shirun nan ya yi yawa. Ta sa farce ta ɗago filastar gefe ɗaya.

Cokali ya buga. Ba ta waiwaya ba. Ya sake bugawa, sai kuma muka ji cokalin ya faɗi ƙasa. Baba ya miƙo hannun hagu ya kama gefen zaninta, jikinsa duk ya karkato daga kujera. Bakinsa na rawa.

"Ba... ba..."

Umma ta juyo. Ta san kalmar, ni ma na san ta. Na ga bakinta ya buɗe zai faɗa masa ita yadda ya saba, sai ta kama leɓenta da haƙori ta tsaya. Jijiyar wuyan Baba ta miƙe, gumi ya tsatso masa a goshi. Ya ja numfashi, ya saki, ya sake ja. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba, amma na ji kamar in yi ihu in faɗa a madadinsa. Umma ba ta motsa ba.

"Ba... ri," ya ce. Ya huta. "Bari... shi."

Shekara ɗaya da rabi rabon da in ji kalma cikakkiya daga bakin mahaifina. Umma ta mayar da filastar, ta danne ta da babban yatsa. Ta ja kujerarta kusa da tasa, ta zauna, ta ɗora hannuwanta biyu a cikin hannunsa na hagu ta ce, "To riƙe min su, Mai Agogo. Ni ba zan iya ba." Ya riƙe. Kuka take yi ba sauti, ni kuma na fita tsakar gida na yi nawa.

Sai da rana ta kusa faɗuwa ɗan tsakon nan ya motsa. Ya fara sara a hankali, ya sara ya huta, ya sara ya huta, kamar mai gyaran agogo. Ya ɗauki kusan awa guda kafin ya zagaye ɓawon. Da ya faɗo, cibiyarsa a rufe take tsaf, ko ɗigon jini babu. Na huɗun bai taɓa hudawa ba, muka bar shi kwana biyu sannan muka haƙura.

Washegari da hantsi na dawo. Sun bushe sun yi ɓul-ɓul, an mayar da su kwali a ƙarƙashin ƙwan fitila, da ruwa a murfin gwangwani da 'yan tsakuwa a ciki kada su nutse. Uku ne, jajaye-jajaye, kowanne da ɗan tudun gashi a tsakar ka inda tukku zai fito. Ba mu san mace ba, ba mu san namiji ba tukuna. Umma ta ce tana da yaƙinin na ƙarshen nan zakara ne, don mace ba za ta ɓata wa mutane lokaci haka ba.

An ajiye kwalin a kan tebur kusa da kujerar Baba. Yana zaune an yi masa wanka, rigarsa a buɗe, yana fama da maɓalli da hannun hagu. Ya kamo shi ya kai bakin ramin, ya suɓuce. Ya sake kamowa, ya sake suɓucewa. Umma na tsaye a bakin taga ta ba shi baya, ta naɗe hannayenta biyu a cikin mayafi ta ƙudundune, wai tana kallon akurki. Ban yi tunani ba na ajiye jaka na nufe shi zan ɓalla masa.

Ba ta ko juyo ba ta ce, "Auta, kada ki taɓa shi. Fitowa yake."